Layi Huɗun da Suka Haɗiye Muryar Abba

Na rantse muku, jama'ar wannan shafi, in kun kai ƙarshen labarin nan rabinku cewa za ku yi ƙirƙira ce. To ku faɗa. Ni dai na san mutumin, na san shagonsa, na san har kujerarsa mai ƙafa uku da aka tokare da bulo.

Akwai wani mai gyaran waya da kowa ke kira Auta, don shi ne ƙaramin gidansu. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, in zai miƙe tsaye sai ya sunkuyar da kai.

Boko kuwa tun a aji huɗu na sakandare suka yi hannun riga. Shi yana cewa malamai ne suka kasa bin saurinsa. Takardar da aka ba shi ya kai gida kuma wani zance take yi dabam, wanda ya shafi kwaɗi uku da durowar shugaban makaranta.

Amma kai, akwai shi. Wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Shi ya koya wa kansa rubuta manhajar kwamfuta, daga tsofaffin littattafan da babu bango.

A wancan zamanin intanet tafiyar tsohuwa mai ciwon gwiwa take yi. Hoto ɗaya in ya fara buɗewa daga sama, sai ka je ka sha ruwa ka dawo bai kai haɓa ba. A lokacin ne aka yi wani dandali da ake kira Zauren Masu Koyo. Babu ado, babu talla, farin shafi ne da baƙin rubutu. Amma duk wanda ya zauna a cikinsa, har yau in an ambace shi sai ya yi ajiyar zuciya.

Wanda ya kafa shi wani dattijo ne da ake kira Baba Mai Layi, tsohon ma'aikacin wayar tarho da ya fara koyon manhaja bayan ya yi ritaya. Babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa. A ƙofar zauren ya liƙa dokoki uku:

Ba a yi wa tambaya dariya.

Kada ka ba ɗan koyo layin manhajar da ba ka gwada a kwamfutarka ba.

Kafin a taɓa kayan mutum, a ce masa ya yi kwafi.

Ko tambayar da aka amsa sau ɗari ce ta sake zuwa, haka Baba zai fara: “Sannu da zuwa, ɗana. Me kake so ya faru? Me ka yi? Me ya faru?” Kafin mutum ya gama amsa waɗannan, sau da yawa ya gano matsalarsa da kansa, ya tafi yana jin shi ma wani ne.

A wannan zauren Auta ba Auta ba ne. Sunansa Gwanin Gwanaye. Amsa a bakinsa take kamar walƙiya, har Baba ya ba shi mabuɗi ya zama ɗaya daga cikin masu gadin zaure. Abin da ya fi alfahari da shi guda ne: shekara uku yana ciki, bai taɓa yin tambaya ko ɗaya ba.

Sai dai halin kwaɗin nan bai bar shi ba. Wani ɗalibi ya tambayi yadda ake sa kwamfuta ta yi gaisuwa, Gwani ya ba shi layin da ya sa ta rubuta “ban yi karatu ba” sau dubu goma. Wani kuma Gwani ya ba shi wanda ya kifar da hoton allonsa, bawan Allah ya wuni yana aiki da karkataccen wuya.

Baba ya kira shi gefe ya rubuta masa: “Gwani, wanda ya yi tambaya cire hularsa ya yi ya ajiye a gabanka. Kada ka zauna a kanta.”

“Wasa ne fa, Baba. Da haka suke yin wayo.”

“Da haka suke daina tambaya,” in ji dattijon.

Gwani ya ce ya ji. Bai ji ba.

Wata Talata da hantsi, Baba ya sanar cewa zai je ganin likitan ido. Bai jima da fita ba sai ga sabon shiga mai suna Na Makara, da tambaya kamar haka:

“Salamu alaikum. Ku yi haƙuri, ban san yadda ake tambaya a nan ba. Ina da fayil na sauti guda ɗari uku da goma sha biyu a folda ɗaya, sunayensu a hargitse. So nake in jera su ɗaya, biyu, uku. Wata biyu ke nan ina karanta darussanku a ɓoye, amma na kasa. Don Allah kada a yi min dariya.”

Auta yana zaune a shago, ba kowa, ga zafi, ga shaiɗan. Ya murza hannu.

A fili ya rubuta: “An amsa wannan tun kafin a haifi wasu. Amma duba saƙon gefe, na tausaya.”

A saƙon gefe, inda idon sauran masu gadi ba ya kaiwa, ya tura layi huɗu. Daidai suke, sai abu ɗaya da ya cire da gangan: ɗan lissafin da ke ba kowane fayil lambarsa. Maimakon haka duk za su ɗauki suna guda, wato “karanta kafin ka tambaya”.

A lissafinsa, kwamfuta za ta sa wa na farko sunan, in ta zo na biyu ta ƙi, ta yi ihu da jan rubutu. Sabon shiga ya dawo a guje, a ɗan sha dariya, sannan ya ba shi na gaskiya. Bai gwada ba. Bai ce a yi kwafi ba. Gwani ne ai.

Washegari da rana yana cikin buɗe bayan wata waya sai inuwa ta rufe ƙofar shagon. Yayarsa ce, babbar gidansu, unguwarzoma ce a wani ƙaramin asibiti. Ita ta goya shi, ita ta san tsawon kunnensa, don ita ta ƙara masa tsawo. Ta shigo rungume da kwamfutar tafi-da-gidanka naɗe a tawul, idanunta jajur.

“Yaya, lafiya? Wa ya mutu?”

“Abba,” ta ce. “Karo na biyu.”

Mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, mai gyaran rediyo ne, shekara shida ke nan da rasuwarsa. Yana da wata tsohuwar rikoda da ba ya rabuwa da ita. Kome ɗauka yake: faɗan yara a kan tabarma, dariyar Umma, labaran da yake ba su in an ɗauke wuta, har ƙarar ruwan sama a kan kwano. Kaset-kaset ɗin suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, laima ta fara cin su.

Wata bakwai Yaya ta yi, in ta taso aiki, tana juyar da su cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu juyin ƙarshe suka yi, zaren ya tsinke ko ya naɗe a cikin rikodar. Idon Umma ya yi rauni, hoto ba ya yi mata amfani, muryar take nema. Yaya ta so ta jera su tsaf ta kai mata ba zato.

“To me ya sa ba ki tambaye ni ba?” in ji Auta.

“Kai? Ran da na tambaye ka yadda ake tura hoto, sati guda ka yi kana ba abokanka labari har da kwaikwayon muryata. Gara in tambayi bare.” Ta share hanci da gefen mayafi. “Na shiga wani zaure na masu koyo. Mutanen kirki, sai wani mara tarbiyya guda, wai shi Gwanin Gwanaye.”

Sukudireban da ke hannun Auta ya faɗi ƙasa.

“Ka san shi ne?”

“Ni? A ina? Kai, mutanen yanzu ba su da imani.”

“Wallahi in na kama shi, sai na mayar da shi inda ya fito. Aikina ne, na san hanya.”

Ya buɗe kwamfutar. Kwamfutar ba ta ƙi komai ba, ba ta yi ihu ba. Kowane fayil da ya ɗauki sunan sai ya hau kan na gabansa ya danne shi. Cikin ɗari uku da goma sha biyu, guda ɗaya tal ya rage, na ƙarshe, ɗauke da sunan nan na rashin kunya.

Ya danna shi. Aka ji shuuu na tsohon kaset, sai tari, sai murya:

“Ɗaya, biyu, ɗaya, biyu... Kai Auta! Sauke hannunka daga kan maɓallin nan. Ba ka san abin da yake yi ba.”

Yaya ta fashe da kuka. Auta kuwa ya rasa inda zai sa idonsa.

“Bar min ita,” ya ce da ƙyar. “Ƙaramin abu ne. Kafin yamma kin same su.”

Nan ne fa, jama'a, ya yi ɓarna ta biyu, wadda ta fi ta farko. Abin da ya dace shi ne ya shiga zaure ya ce a taimaka. Amma Gwanin Gwanaye ya yi tambaya? Ina! Sai ya sauko da manhajar dawo da fayil ya saka a kwamfutar. Ba ta yi ba. Ya sauko da ta biyu. Ya sauko da ta uku, wata ƙatuwa. Yamma ta yi, gobe ta yi, jibi ta yi. Yaya tana kira yana cewa layi ba kyau.

A rana ta uku ya sallama. Ya buɗe sabon suna a zauren, ya kira kansa Baƙo.

Bai taɓa sanin akwatin rubuta tambaya yana da faɗi haka ba. Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya tarar yatsunsa da kansu sun rubuta “don Allah kada a yi min dariya”. Ya daɗe yana kallon kalmomin nan kafin ya tura.

Minti biyar ba a yi ba sai ga Baba Mai Layi.

“Sannu da zuwa, ɗana. Kafin komai, kashe kwamfutar nan yanzu. Abin da aka goge bai tafi ba tukuna, yana nan kwance kamar sawu a kan yashi. Duk sabon abin da ka saka mata, takawa yake yi a kai. Ka saka mata wani abu tun da abin ya faru?”

Auta ya rufe ido. “Manhaja uku, Baba.”

“Inna lillahi. To, ya wuce. Mu ceci abin da ya rage. Nuna min layukan da aka ba ku.”

Kwamfutar Yaya a kashe take, don haka Auta ya juya kan tasa ta shago. Ya buɗe akwatin saƙonsa na Gwani, ya ɗauki hoton allon gaba ɗaya, ya liƙa a zaure da sunan Baƙo a gaban kowa. Gaggawa ta hana shi yanke gefen hoton.

A can kusurwar sama, da manyan baƙaƙe, an rubuta: “Sannu da dawowa, Gwanin Gwanaye.” A ƙasa kaɗan kuma: “Saƙonnin da ka aika.”

Sai wanda aka taɓa karkata wa wuya ya rubuta: “Baƙo, ranka ya daɗe, duba kusurwar hotonka.” Mai “ban yi karatu ba” ya biyo baya da dariya layi uku. Kafin ka ce me, mutum ashirin sun taru, kowa da tsohon mikinsa.

Auta ya kai hannu zai goge hoton, ya tarar an riga shi. Ba hoton aka goge ba, dariyar ce. Baba ya share ta tas, ya rubuta:

“Doka ta ɗaya ba ta ce ban da wane ba. Mutum ya zo da tambaya, kuma muryar mahaifin wasu ce a cikin rami. Mai igiya ya kawo. Sauran magana sai mun fito da ita.”

Kwana huɗu aka yi. Wata malamar lissafi ta rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai da ta gwada a tata kwamfutar. Mai karkataccen wuyan nan, shi da kansa, ya koya wa Auta yadda zai kwafe cikin kwamfutar gaba ɗaya zuwa wani wuri kafin ya taɓa komai. Auta ya yi tambaya talatin da ɗaya a kwana huɗun nan, wasu ma na ban kunya. Babu wanda ya ce masa an riga an amsa.

Fayil ɗari biyu da saba'in suka dawo. Arba'in da ɗaya kuwa manhajojin nan uku sun taka su, sun tafi ke nan. Waɗanda suka dawo ma babu suna, babu tsari, lambobi ne kawai barkatai.

Sannan Baba ya rubuta a fili: “Gwani, ajiye mabuɗin gadi. Daga yau har shekara guda, duk sabon shiga kai za ka fara tarbarsa, kuma duk layin da za ka ba shi sai ka nuna mana ka gwada. Mai kayan nan kuma, da bakinka za ka gaya mata. Sunayen fayil ɗin, kada ka rubuta manhajar da za ta sa su. Zauna ka saurari kowanne, ka sa masa suna da hannunka.”

Ya sami Yaya a tsakar gida tana shanya. Ya tsaya daga nesa, inda hannu ba zai kai kunne ba.

“Yaya, Gwanin nan... na gano shi.”

“Yana ina?”

“Ga shi.”

Ya jira takalmi. Ya jira ihu. Ba ko ɗaya. Ta matse rigar da ke hannunta, ta shanya, ta sa mata maƙali, sannan ta juyo.

“Na rubuta kada a yi min dariya, Auta. Ka karanta wurin?”

“Na karanta.”

“To.”

Wannan “to” ɗin ya fi duk jan kunnen da ta taɓa yi masa zafi.

Sati shida ya yi yana rufe shago da la'asar, ya tafi ɗakin Umma da kwamfuta. Ita tana kishingiɗe a kan gado, shi yana ƙasa. Ya danna, su saurara, ta gaya masa abin da ke ciki, ya rubuta.

“Wannan ran da akuya ta cinye takardar sakamakon yayarka ne.”

“Wannan ran da ya gyara rediyon maƙwabci ta koma kama tasha biyu a lokaci guda. Ji yadda yake rantsuwa wai haka kamfani ya yi ta. Bakinku ɗaya.”

Wani lokaci ta yi dariya har ta yi tari. Wani lokaci ta ce a mayar baya, a sake mayarwa, ba don maganar ba, don yadda yake kiran sunanta daga ƙofar gida in ya dawo.

Ran da suka kai na ƙarshe, Umma ta kasa kunne tana jiran na gaba.

“Saura ɗaya,” ta ce. “Na ran da aka haife ka. Ya zauna a barandar asibiti da rikodarsa, ya yi maka magana kusan rabin awa. Ko ni bai bari na ji ba. Ya ce naka ne, a ba ka ran da ka yi hankali.”

Auta ya dubi Yaya da ke jingine a bakin ƙofa.

“Na juye shi,” ta ce a hankali. “A jikinsa an rubuta ‘Na Auta, shi kaɗai’. Sai na kunna na fita waje har ya gama. Ban saurara ba. Da na dawo zaren ya tsinke.”

Ya bi jerin daga sama har ƙasa, sau biyu, sau uku. Ba ya ciki. Yana cikin arba'in da ɗayan nan.

Har yau babu mahalukin da ya san abin da Abba ya faɗa wa Auta a barandar nan.

Shekaru sun tafi. Baba Mai Layi ya riga mu gidan gaskiya, ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Zauren ma ya rufe, aka koma manyan dandali masu launi, inda in ka yi tambaya mutum goma za su gaya maka an riga an yi ta kafin ɗaya ya amsa. Shekara guda aka yanke wa Auta, amma har yanzu bai bar bakin ƙofa ba. In ya ga sabon shiga a duk dandalin da yake, haka yake farawa: “Sannu da zuwa. Me kake so ya faru?”

Kuma in kun gan shi, gaskiya mutum ne mai kwarjini, ga fara'a, ga kai, ga...

Ku dakata. Wata ta shigo shago, ta tsaya a bayana tana karanta allo ta saman kafaɗata.

“Akwai wani? Wane wani, Auta? Sharaɗinmu duk shekara ka ba da labarin nan da sunanka, ba da na wani ba. Kuma kwaɗin nan biyar ne, ba uku ba.”

To, Yaya ta kama ni. Kunnena na hagu yana hannunta yanzu haka, da hannu ɗaya nake ƙarasa rubutun. Ta ce ba za ta saki ba sai na amsa tambayoyin sababbin shiga goma sha bakwai da ke jira tun safe, kuma ta farko tata ce.

Darasi: Wanda ya ce “ban sani ba” amana ya miƙa maka, kuma ba ka san abin da ke cikin foldarsa ba, ba ka san ko wane ne a bayan sunan ba. In za ka amsa, amsa da mutunci, gwada kafin ka bayar, ka ce a yi kwafi. In ba za ka iya ba, yi shiru ka ba wani wuri. In kuma kai ne ka rasa hanya, yi tambaya tun sawun bai goge ba, don raini ne ya jefa muryar Abba a rami, amma girman kai ne ya binne arba'in da ɗaya. Ku tura wannan zuwa duk zauren da kuke koyo ko koyarwa, musamman ga masu riƙe da mabuɗi.